Gashin Burodi da Waina a Gida: Ire-irensu a Duniya

Gashin burodi da waina a gida shi ne a sarrafa garin hatsi da ruwa, a kwaɓa shi ko a dama, sannan a gasa a tanderu ko a kan kasko, ko kuma a turara, domin cin iyali. Abin da ake samu ya kasu gida uku: burodi mai tudu wanda ya kumbura ya tashi, gurasa wadda ake faɗaɗawa ta yi fale-fale ko ta ɗan yi kauri, da waina wadda ake yi da ƙullu mai ruwa a zuba a kasko mai zafi. Rabon bai cika tsayawa daram ba. Injerar Habasha ƙullu ce da ake zubawa kamar waina, amma matsayinta a gidan Bahabashe matsayin burodi ne, da ita ake ɗibar miya safe da yamma.

Duk yawan ire-iren nan, abu biyu ne suka fi yanke musu siffa: hatsin da ƙasa take nomawa, da irin wutar da gida yake da ita. Inda alkama take kuma akwai itacen hura tanderu, burodi ya yi tudu. Inda hatsin ba shi da danƙo, ko makamashi ya yi ƙaranci, sai aka koma ga kasko. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa girkin wata ƙasa yake ƙin yiwuwa idan an canza masa gari.

## Tarihi

Ɓurɓushin gurasa mafi tsufa da aka tono an same shi a wani wuri da ake kira Shubayqa, a arewa maso gabashin Jodan, kuma shekarunsa sun kai kimanin 14,400. Masu bincike sun bayyana shi a 2018. Mutanen da suka gasa shi mafarauta ne masu tsintar 'ya'yan itace, sun niƙa alkamar daji da sha'ir tare da saiwar wata ciyawar fadama. Ke nan gurasa ta girmi noma da dubban shekaru.

Burodi mai kumburi ya bunƙasa a tsohuwar Masar. An samu dunƙulensa a kaburbura, da zane-zanen masu niƙa da masu kwaɓi a jikin bango, kuma da burodi ake biyan ma'aikata wani kaso na ladansu. A daular Rum gashi ya zama sana'a mai ƙungiya. Birnin Pompei, wanda aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya, yana da gidajen burodi fiye da 30, an kuma samu burodin da ya ƙone ya zama gawayi, zagayayye, an tsaga samansa gida takwas.

Ƙarni da yawa, gidaje masu yawa ba su da tanderun kansu. A Faransa ta zamanin sarakunan gargajiya, talaka dole ya kai kwaɓinsa tanderun uban ƙasa ya biya kuɗin gashi, har juyin juya halin ƙasar ya kawar da wannan doka. A tsofaffin unguwannin Maroko har yau akwai tanderun unguwa: a kwaɓa a gida, a yi wa kwaɓin alamar gidan, yaro ya ɗauka a kan katako ya kai a gasa.

Ƙarni na 19 ya sauya aikin gaba ɗaya. Louis Pasteur ya nuna, tun daga 1857, cewa ƙananan halittu masu rai ne ke haddasa tsima. A 1868 'yan'uwan Fleischmann suka fara sayar da curarren yis a Amurka, busasshen yis na ƙwaya-ƙwaya kuma ya bazu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan masana'antu suka karɓe aikin. A 1928 aka fara sayar da yankakken burodi da injin Otto Rohwedder a garin Chillicothe na jihar Missouri, a 1961 kuma aka ƙirƙiro tsarin Chorleywood a Ingila, wanda injin ke bugun kwaɓi da ƙarfi na 'yan mintoci a maimakon a bar shi ya tsima. Burodi ya yi araha ya yi laushi, ɗanɗano kuwa ya ragu. Wannan rashi na daga cikin abin da ya mayar da mutane ga gashin gida, abin da ya fito fili a 2020 lokacin kullen annobar korona, sa'ad da yis da fulawa suka yi wuyar samu a shagunan ƙasashe da yawa.

## Gari da danƙonsa

A cikin garin alkama akwai furotin iri biyu, giliyadin da gulutenin. Suna bushe ba sa komai. Da zarar sun sha ruwa aka murza su, sai su sarƙe su zama gulutin, wato danƙon nan da ke sa kwaɓi ya miƙe ba tare da ya tsinke ba. Shi ne ke riƙe iskar da yis ya fitar, kamar yadda balan-balan ke riƙe iskar da aka hura masa. Wani masani a Bologna, Jacopo Beccari, ya raba gulutin da sitaci tun a ƙarni na 18 ta hanyar wanke kwaɓi da ruwa, kuma kowa na iya maimaita wannan a kicin: a yi ta wanke curin kwaɓi har ruwan ya daina fari, abin da ya rage a hannu mai tauri da danƙo shi ne gulutin.

Fulawar burodi tana da furotin kimanin kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, ta kek kuwa 7 zuwa 9. Saboda haka fulawar da ta dace da burodi takan sa waina ta yi tauri, wadda ta dace da kek kuma takan ba da burodin da ya kwanta. Garin da aka niƙa da dusarsa ya fi gina jiki, ya fi shan ruwa, amma dusar na yanka zaren gulutin, shi ya sa burodinsa yake fitowa da nauyi.

Hatsin rai (rye), wani dangin alkama wanda ke jure sanyi da ƙasa marar ƙarfi, shi ne abincin arewaci da gabashin Turai. Gulutin ɗinsa ba ya sarƙewa yadda ya kamata. Abin da ke riƙe kwaɓinsa wani yauƙi ne da ke cikin ƙwayar, tare da sitaci. Matsalar ita ce garin na ɗauke da wani sinadari mai narkar da sitaci lokacin gashi, wanda idan ba a taka masa burki ba cikin burodin zai fito yana manne wa wuƙa. Tsami ne ke kashe masa kaifi. Wannan ne ya sa kusan duk burodin hatsin rai, daga na Denmak zuwa Borodinski na Rasha, da tsimammen kwaɓi ake yin sa. Pumpernickel na yankin Westphalia a Jamus yakan yi aƙalla awa 16 a wuta marar ƙarfi cikin rufaffen gwangwani, har ya yi baƙi ya yi zaƙi ba tare da an sa masa sukari ba.

Masara, shinkafa, dawa, gero, tef (hatsin Habasha) da rogo ba su da gulutin ko kaɗan. Duk yadda aka murza garinsu ba zai miƙe ba. Al'ummomin da ke noma su kowacce ta nemo dabararta, kuma a nan ne basirar masu girki ta fi bayyana.

## Abin da ke tayar da kwaɓi

Yis wata ƙaramar halitta ce daga dangin naman gwari. Tana cin sukarin da ke cikin gari, ta fitar da iskar kabon dayoksaid da ɗan barasa, wanda mafi yawansa ke ƙafewa a zafin gashi. Ɗumi na hanzarta ta, sanyi na rage mata gudu, ruwan da zafinsa ya wuce digiri 55 zuwa 60 na ma'aunin Celsius kuma kashe ta yake yi. Yawancin kwaɓin da ya ƙi tashi a gida, ko dai yis ɗin ya tsufa, ko an jiƙa shi da ruwan da ya yi zafi da yawa.

Kafin yis ɗin leda, da uwar kwaɓi ake aiki, kuma har yanzu babu abin da ya kamo ta wajen ɗanɗano. Ana haɗa gari da ruwa daidai wa daida a ajiye, kullum a zubar da wani kaso a ƙara sabon gari da ruwa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu, yis ɗin da ke jikin hatsin tun asali da ƙwayoyin bakteriya masu samar da tsami sai su zauna, haɗin ya fara ninka kansa bayan kowace ciyarwa. Yis ya ba da iska, bakteriya su ba da tsami da ƙamshi, tsamin kuma ya jinkirta fumfuna. Uwar kwaɓi na iya yin shekaru aru-aru muddin ana ciyar da ita. Gidan burodin Boudin a San Francisco, wanda aka kafa a 1849, yana cewa da tsatson uwar kwaɓinsa ta farko yake aiki har yau. A 1971 masu bincike biyu, Kline da Sugihara, suka bayyana bakteriyar da ke ba burodin birnin tsaminsa, aka sa mata sunan birnin, daga baya kuma aka yi ta samun ta a kwaɓin ƙasashe da dama.

Hanya ta uku ba ta buƙatar jira. Bekin soda idan ta haɗu da abu mai tsami a cikin ruwa nan take take fitar da iska. A ƙarni na 19 mutanen Ailan, waɗanda alkamarsu ba ta da ƙarfin danƙo, suka rungumi burodin soda: fulawa, gishiri, soda da nono mai tsami, a gasa a tukunyar ƙarfe a kan garwashi. Bekin foda kuwa soda ce da aka haɗa da busasshen tsami da sitaci. Alfred Bird, wani mai haɗa magunguna a Birmingham, ya haɗa ta a 1843 saboda yis ba ya karɓar matarsa. August Oetker a Jamus ya shahara a shekarun 1890 da sayar da ita a ƙananan ƙunshi, kowanne daidai giram 500 na fulawa. Soda idan ta yi yawa, ko babu isasshen tsamin da zai cinye ta, takan bar ɗaci da ɗanɗanon sabulu.

## Awo, murji da lokaci

Masu gashi suna lissafin komai a kan nauyin gari. Burodi na yau da kullum yakan ɗauki ruwa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na nauyin fulawa, gishiri kashi 2, busasshen yis kimanin kashi 1. Wato giram 500 na fulawa, giram 325 na ruwa, giram 10 na gishiri, giram 5 na yis. Sikeli ya fi kofi gaskiya, domin kofi ɗaya na fulawa na iya bambanta sosai gwargwadon yadda aka danna shi. Gishiri ba don ɗanɗano kaɗai ake sa shi ba, yana ƙarfafa gulutin yana kuma hana yis yin gaggawa.

Bayan haɗi ana murza kwaɓi kimanin minti goma har ya yi santsi, a rufe a bar shi ya ninka, a siffanta shi, a sake barinsa ya tashi, sannan wuta. Hanyar gane ko ya isa ita ce a danna shi da yatsa a hankali. Idan wurin ya dawo nan da nan, da saura. Idan ya dawo sannu-sannu ya bar ɗan gurbi, ya yi. Idan bai dawo ba, an makara.

Murji da lokaci suna iya maye gurbin juna, kuma wannan shi ne babban abin da gashin gida ya amfana da shi a 'yan shekarun nan. Raymond Calvel, malamin gashi na Faransa, ya koyar da a haɗa gari da ruwa kawai a bar su su huta minti 20 ko fiye kafin a sa gishiri, danƙon ya fara haɗuwa da kansa. A 2006 jaridar New York Times ta wallafa hanyar Jim Lahey, mai gidan burodi a New York: kwaɓi mai ruwa-ruwa, yis ɗan mitsitsi, babu murji sam, a bar shi awa 12 zuwa 18, a gasa a rufaffiyar tukunyar ƙarfe da aka riga aka zafafa. Wannan hanya ta cancanci sunan da ta yi. Mutumin da bai taɓa kwaɓi ba yana iya fitar da burodi mai ƙurus-ƙurus ɗin ɓawo da ƙamshi tun a gwajin farko, kuma abin da ya kashe haƙuri ne kawai.

Burodin madara na Japan da Sin yana da tasa dabarar. Ana dafa ɗan gari da ruwa ko madara, kashi ɗaya ga biyar, har ya kai kimanin digiri 65 ya yi kauri, a huce a zuba cikin kwaɓi. Dafaffen sitacin na riƙe ruwa, burodin ya daɗe da laushinsa.

## Wuta

A mintocin farko cikin tanderu iskar da ke cikin kwaɓi na faɗaɗa, ruwa na zama tururi, burodin ya yi tashinsa na ƙarshe. Daga digiri 60 yis ya mutu, sitaci ya sha ruwa ya kumbura, gulutin ya daskare, siffa ta tsaya. A waje kuma, idan saman ya bushe ya wuce kimanin digiri 140, sukari da furotin sai su haɗu su ba da launin ja-ja da ƙamshin gashi. Wannan haɗuwa Louis-Camille Maillard ne ya bayyana ta a 1912. Cikin burodi kan nuna a wajen digiri 90 zuwa 98.

Tururi na da muhimmanci a farkon gashi, domin yana hana ɓawo bushewa da wuri ya ɗaure burodin. Tanderun masu sana'a na fesa tururi, na gida kuwa ba ya yi, shi ya sa rufaffiyar tukunya take aiki: ruwan kwaɓin da kansa ke cika ta da tururi. Tsagar da ake yi wa saman kwaɓi da reza ba ado ba ce kawai, hanya ce da ake buɗe masa don kada ya fashe ta gefe. Baget, dogon burodin Faransa, ya dogara da duka biyun. Dokar ƙasar ta 1993 ta taƙaita abin da za a sa a burodin da ake kira na gargajiya ga fulawa, ruwa, gishiri da yis ko uwar kwaɓi, tare da wasu 'yan ƙari ƙalilan, kuma hukumar UNESCO ta sa sana'ar baget a jerin al'adun duniya a 2022.

Ba kowa ke buƙatar tanderu ba. A arewacin Sin turara kwaɓi ake yi a samu mantou, fari fat marar ɓawo. Makiyayan Ostareliya suna binne burodinsu da ake kira damfa a garwashi. A Aisland akwai masu binne tukunyar burodin hatsin rai a ƙasa mai zafi kusa da maɓuɓɓugar ruwan zafi, su tono bayan kwana ɗaya.

## Gurasa

Gurasa ta fi burodi mai tudu daɗewa, dalili kuwa a fili yake: tana nuna cikin minti ɗaya ko biyu, ba ta cin itace. Capati na Indiya da Pakistan garin alkama ne mai dusa, da ruwa da ɗan gishiri, babu yis. A murza, a bar shi ya huta, a faɗaɗa, a gasa a busasshen kaskon ƙarfe, a ƙarshe a ɗora shi kai tsaye a harshen wuta ya kumbura. Tururin da ya maƙale tsakanin fuska biyu da suka riga suka bushe shi ke hura shi. Haka abin yake ga pita ta Gabas ta Tsakiya, wadda ke buɗe aljihu idan ta samu zafi mai ƙarfi daga ƙasa. Idan pita ta ƙi kumbura a gida, yawanci farantin gashin ne bai yi zafi sosai ba, ko an yage fuskar kwaɓin wajen faɗaɗawa.

Daga Indiya zuwa tsakiyar Asiya da yankin Kaukasus, tanderun yumɓu mai siffar randa ne ke mulki. Ana manna kwaɓi a bangon cikinsa, zafin na iya kaiwa digiri 480. Daga irin wannan tanderu gurasar naan take fitowa, da zagayayyen non na Uzbekistan wanda ake buga wa hatimin ƙusoshi a tsakiya don kada wurin ya tashi, da lawash na Armeniya, wanda ake busarwa a jibge a ajiye watanni, a yayyafa masa ruwa idan za a ci. UNESCO ta karɓi lawash a 2014. Iran kuma na da sangak, da ake gasawa a kan tsakuwa masu zafi. A gida ana kwatanta waɗannan da kaskon ƙarfe mai kauri, kodayake ƙamshin bangon yumɓu ba ya samuwa.

Tortiyar Meziko ta fi kowace gurasa cancantar a tsaya a kanta. Ana dafa masara a ruwan farar ƙasa ko na toka, a bar ta ta kwana, a wanke, a niƙa da danshinta. Wannan jiƙo na sassauta fatar ƙwayar, yana sa niƙan ya haɗu ya zama kwaɓin da za a iya faɗaɗawa, abin da garin masara zalla ba zai taɓa yi ba. Yana kuma sakin sinadarin niyasin, wani nau'in bitamin, da ke ɗaure a cikin masara yadda jiki zai amfana. Da Turawa suka kai masara ƙasashensu ba su ɗauki wannan dabara ba, sai cutar felagara, mai lalata fata, ta addabi talakawan arewacin Italiya da Sifen tun ƙarni na 18, da kudancin Amurka a farkon ƙarni na 20. Joseph Goldberger ya nuna daga 1914 cewa rashin abinci mai kyau ne sanadinta, sai a 1937 Conrad Elvehjem ya gano niyasin ne maganin. Matan Meziko da Guatemala sun yi dubban shekaru suna kare iyalansu daga wannan cuta da tukunya da toka.

A tsibiran Karebiyan da arewacin Kudancin Amurka ana yin kasabe da rogo mai ɗaci. A goge shi, a matse ruwansa mai guba a cikin doguwar saƙar kaba, a tankaɗe, a baza a kasko ya manne da sitacinsa.

## Waina

Waina ita ce mafitar duk garin da ba zai tsaya da kansa ba, kuma mafi sauƙin abin da sabon shiga zai fara da shi. Ta kasu biyu: wadda ƙullunta ke tsima, da wadda ake haɗawa da ƙwai da madara a soya nan take.

Injera ce sarauniyar kashi na farko. Ana dama garin tef, hatsi mai ƙananan ƙwaya ƙwarai, a zuba masa ersho, wato ruwan tsamin da aka tsiyaye daga ƙullun baya, a bar shi kwana biyu zuwa uku. Masu yi da yawa kan ɗebi kaɗan daga ƙullun su dafa shi da ruwa su mayar, don ya ƙara tashi. Ana zuba shi a kewaye a kan faffaɗan kaskon yumɓu da ake kira mitad, a rufe, ba a juyawa. Ƙananan ramukan da ke fitowa a samanta ana kiran su idanu, kuma da su ake auna gwaninta. Kisra ta Sudan, ta garin dawa, da lahoh na Yaman da Somaliya danginta ne. Bagrir na Maroko, na tsakin alkama da yis, shi ma fuska ɗaya ake gasa shi don ramukan su sha zuma da man shanu.

A kudancin Indiya ana jiƙa shinkafa da wani ƙaramin baƙin wake da ake kira urad, kashi uku ko huɗu ga ɗaya, da ɗan hulba, a niƙa kowanne daban, a haɗa ya kwana. Waken ne ke ba da yauƙin da ke riƙe iska a madadin gulutin. Idan an baza ƙullun fale-fale a kasko ya zama dosa, idan an turara shi ya zama idli. Appam na Kerala da Siri Lanka da madarar kwakwa ake yi, a ɗan kasko mai zurfi, gefe ƙurus-ƙurus tsakiya taushi.

Kashi na biyu ya fi yawa a Turai da Amurka. Kiref na Faransa: giram 250 na fulawa, ƙwai 3 ko 4, rabin lita na madara, ɗan gishiri da narkakken bota. Ana barin ƙullun ya huta kamar awa ɗaya don garin ya sha ruwa, sannan a zuba kaɗan a juya kaskon ya bazu. A yankin Bretagne ana yin irinsa da garin wata ƙwaya mai kama da hatsi da ake kira bakwit, a sa ƙwai da cuku. Wainar Amurka kuwa mai kauri ce, bekin foda ke tayar da ita, kuma ƙa'idarta ta saɓa wa ta burodi: ba a son danƙo. A juya ƙullun kaɗan, a bar gudajinsa, domin yawan bugu tauri yake kawowa. Ana juya ta sau ɗaya, idan kumfar sama ta fara fashewa gefe ya bushe. Ruwan zaƙin mapul da ake zuba mata daga jikin bishiya ake tatsowa, kimanin lita 40 ake dafawa a samu lita ɗaya, kuma mafi yawansa daga lardin Quebec na Kanada yake fitowa.

Wasu wainar na da ranakunsu. Faransawa na cin kiref ranar 2 ga Fabrairu. A Rasha ana cin bilini mako guda a bikin Maslenitsa, a Ingila kuma ranar Talatar da ke gaban azumin Kirista na kwana 40, domin a da ana ƙarar da ƙwai da madara da mai kafin azumin ya shiga. Tanda mai gurabe ita ma ta zaga duniya: da ita ake fofarces a Holan, da zagayayyar wainar Denmak, da takoyaki a Japan. Akwai kuma masu gishiri, irin su fajon na Koriya mai ganyen albasa, da farinata ta Genoa wadda garin wake ne da ruwa da man zaitun.

Zafin kasko shi ne rabin aikin. Idan ya yi yawa waje ya ƙone ciki ɗanye, idan ya yi kaɗan wainar ta sha mai ta yi fari. Ta farko kan lalace sau da yawa saboda zafin bai daidaita ba tukuna, man kuma bai bi kaskon ba.

## Ajiya da lafiya

Burodin da ya fito daga wuta bai gama nuna ba. Ana barinsa ya huce kamar awa ɗaya a inda iska ke ratsa ƙasansa, na hatsin rai kuma sai ya kwana. Taurin da burodi ke yi bayan kwana biyu ba bushewa kaɗai ba ne: sitacin da ya narke a wuta ne ke sake daskarewa. Masanin Faransa Jean-Baptiste Boussingault ya nuna a 1852 cewa burodi na tauri ko an rufe shi yadda ruwa ba zai fita ba. Wannan daskarewa ta fi sauri a sanyin firji, don haka firji ba wurin ajiye burodi ba ne. Firiza kuwa tsayar da ita take yi, kuma ɗumamawa na mayar da laushi na ɗan lokaci. Burodin da ya yi fumfuna a yar da shi gaba ɗaya, domin saiwarta na ratsa ciki fiye da inda ido ke gani.

Ɗanyar fulawa ba a dafa ta ba, tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, saboda haka ba a lasar ɗanyen kwaɓi ko ƙullu, musamman yara. Kimanin mutum ɗaya cikin ɗari na da cutar siliyak, wadda gulutin ke lalata wa hanji. Likitan yara ɗan Holan, Willem Dicke, shi ya danganta ta da alkama a shekarun 1940. Mai wannan cuta zai guji alkama, sha'ir da hatsin rai, amma zai iya cin dosa, tortiyar masara, kasabe da injerar tef zalla, muddin ba a gauraya garin da fulawa ba, ba a kuma gasa a kaskon da aka yi aikin alkama ba a wanke ba.